Barcin Bulo

Litinin, 3 ga Maris

Tsohon littafin Auta ne wannan, rabinsa ba a rubuta komai ba, na tsince shi a bayan akwati. Zan riƙa zuba abin da bakina ba ya iya faɗa.

Auta ƙanwata ce, mu biyu ke nan wurin Mama da Baba. Yau ta dawo da takarda daga makaranta: jarrabawar fiziks ranar 12 ga Mayu. Sati goma cif. Bara fiziks ɗin kaɗai ya kayar da ita. Makarantar injiniyoyin da take so sau biyu suke ba mutum dama, wannan ce ta biyun. Gwaggo kuwa tuni ta goge keken ɗinki guda a shagonta, ta ce, "Kujerarki na nan, 'yar nan, ba ta gudu." Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma Auta ba ta ci abinci ba.

Ni a aji biyu na sakandare na tsaya, shekarar da igiyar injin ɗaga kaya ta tsinke, bokitin kankare ya sami Baba a ƙugu. Na shiga wurin gini a madadinsa. Shekara tara ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta yi kuka a kan babban littafinta na fiziks, mai shuɗin bango. Na yi kamar ina gyaran takalmi.

Asabar, 8 ga Maris

Na dawo daga aiki da wuri, na same ta a tsakar gida da babban littafin nan mai shuɗin bango. Na ce ta nuna mini abin da ke cinta. Ta kalle ni irin kallon nan, amma ta matsa mini a tabarma.

Wai sunansa kalkulus. Yadda ta faɗa: in ka san inda abu yake a kowane lokaci, akwai hanyar da za ka fitar da gudunsa. In ka san gudun, ka sake bin hanyar, ka fitar da yadda gudun ke ƙaruwa ko raguwa. Gudu v ne, sauyin gudu a. Ta yi guda uku a gabana, hannunta da sauri, tana sauko da ƙaramar lamba daga sama tana ajiye ta a gaba. Duk daidai. Na ce to ina matsalar? Ta ce, "Yaya, ina yi ne kawai. Ban san me nake yi ba. Da sun juya tambayar sai in ɓata."

Na lura. Tana lissafin kamar sabon lebura da aka ce ya zuba yashi baro uku, siminti buhu ɗaya. Zai zuba. Amma ranar da yashi ya jiƙe bai san ya rage ruwa ba.

Sai ta buɗe wata tambaya, an jefa dutse sama. Na ce ai wannan aikina ne.

Na ba ta labari. A wurinmu ƙananan jan bulo ba a ɗaukarsu a ka zuwa bene na farko, jefawa ake yi. Ni a ƙasa, Dogo abokin aikina a kan katako a sama. Kowane bulo yana da wurin barcinsa: ya hau, ya hau, ya rage gudu, sai ya tsaya cak kamar an rataye shi. Nan ake cafe shi. Gwanin jifa shi ne wanda zai sa bulo ya yi barci daidai tafin hannun mai cafa. Sabon shiga yakan jefa da ƙarfi, bulo ya iso a farke, ya fasa wa mutum yatsa. Wanda ya yi barci kuwa, kamar ka ɗauki burodi a kan tebur.

Ta ce, "Wurin barcin nan shi ne v ya zama sifili!" Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun watan jiya. "Ashe Yaya kai ma ɗan fiziks ne, ba ka da satifiket ne kawai."

Na ji daɗi. Fiye da yadda ya kamata.

Talata, 11 ga Maris

Yau tambayar igiya ce. Kaya a rataye, ana jan su sama, a nemo ƙarfin da ke kan igiya. Na ce mata abin da kowa ya sani a wurin aiki: igiya ba ta tsinkewa kaya na rataye shiru, kuma ba ta cika tsinkewa ana tafiya sumul ba. A fizgar farko take tsinkewa.

Baba yana kujerarsa a bakin ƙofa, mun ɗauka gyangyaɗi yake yi. Sai muka ji ya ce, "Haka ne. Yaron da ke kan injin ranar sauri yake yi, ana kiransa cin abinci." Bai taɓa maganar ranar ba. Ko Mama ta tsaya da wanke-wanke.

Auta ta rubuta wani abu gajere, ta karanta mana da Hausa: igiya tana ɗauke da nauyin kaya, a kai kuma tana ɗauke da gaggawar mai jan. Baba ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya ce, "To. Ashe an rubuta."

Juma'a, 14 ga Maris

Injiniya ya zo duba aiki. Farar hular kwano, takalmi ko ƙura babu. Shekara biyu yana ganina, har yau "kai mai jifa" yake kirana. Na tsaya ina kallonsa sai na ga Auta cikin hular.

Laraba, 19 ga Maris

Kullum yanzu da na dawo tana jirana. Ko hannu ban wanke ba sai, "Yaya zo ka ji wannan."

Ta ce ta gane a saman gudu sifili ne. To sauyin gudun fa, a ɗin? Ta rubuta 9.8 da fensir, wai lambar jan da ƙasa ke yi wa kowane abu, ta ce kamar haka littafin yake nufi, amma Turancin wurin ya murɗe mata.

Na ce a'a. A saman babu abin da ke jan bulo. Shi ya sa ba ya da nauyi, shi ya sa muke cewa barci. Ta ce, "Amma littafin…" Na ce wanda ya rubuta littafin ya taɓa cafe bulo? Shekara tara ina wannan abu, bulo nawa ya bi ta hannuna? Na ce ta tambayi Baba. Baba ya ce, "A saman dai ba shi da nauyi, wannan kowa ya sani."

Ta goge 9.8. Ta rubuta sifili. Har ta hure ƙurar gogewar.

Talata, 1 ga Afrilu

Jarrabawar gwaji yau. Ta ce dutsen nan ya fito, babbar tambaya ce, ta cika shafi biyu. Ta sayo mini lemo.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

An raba musu takardu. Tambayar dutse kashi biyar ce, kowane kashi yana hawa kan na baya kamar layin bulo. Ta sa sifili a na biyu, sauran duk suka karkace. Malamin fiziks ya ɗaga takardarta a gaban aji ya karanta. Wai har ta rubuta a gefe, don ta yi bayani, cewa dutsen yana hutawa. Ya ce wa ya koya mata? Ta ce yayanta. Ya ce a wace jami'a yake koyarwa? Wata a baya ta ce leburan gini ne, ta san shi. Aji ya fashe.

Duk wannan ba ni ta gaya wa ba. Mama take gaya wa a ɗaki, da ƙarfi, don in ji.

Da ta fito na ce, Auta. Ta ce, "Na rubuta daidai ka sa na goge. Don Allah Yaya ka tsaya a kan bulonka." Ta ɗora littafin a saman kabad, inda ake ajiye abin da ba a so a sake gani. Ta ce ba za ta zauna jarrabawar ba, ba za ta je a sake yi mata dariya ba, ɗinki ma sana'a ce.

Baba ya juya kujerarsa ta kalli titi.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake karantawa ba. Jiya da ta ce ta fasa, bayan kunya da zafin maganar, can ƙasa wani abu ya yi sanyi a ƙirjina. Kamar an ce to, yanzu mun zama ɗaya.

Allah ka gani. Ni ma ban san yana nan ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Daga makaranta shagon Gwaggo take wucewa. Ta dawo da zare a gashinta. Muna gaisawa kamar maƙwabta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na sauko da littafin, na sa a jakar aiki tsakanin safar hannu da kwanon abinci. Da hutun rana na buɗe a bayan tarin yashi. Turancin ya fi ƙarfina, kalma ɗaya in gane, uku su wuce ni. Zane-zanen nake kallo. Akwai guda a shafin dutsen: layi miƙaƙƙe ya gangaro daga sama, ya ratsa wani layi na kwance, ya ci gaba ƙasa. Na kalle shi har aka buga ƙarfe a koma aiki.

Dogo ya kama ni. "Kai jama'a, Farfesa! Yaushe za a ba ka farar hula, in fara yi maka fadanci tun yanzu?" Kafin la'asar kowa Farfesa yake kirana. Na bar su.

Har yanzu dai ina ganin ni ke da gaskiya. Hannu ba ya ƙarya.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mama ta ce, "Wata ɗaya ya rage, kai ne babba." Ba ta ƙara ba. Ta iya irin wannan, ta ajiye maka magana kamar an ajiye maka kaya a ƙofar ɗaki.

Talata, 15 ga Afrilu

Babban yatsan ƙafata na dama ya kumbura, farcen ya yi baƙi. Ina gida.

Abin da ya faru: ina jifa, Dogo na cafa, mun kama kiɗan aikin. Sai maigida ya kira shi daga ciki, ya juya. Bulo ya riga ya bar hannuna. Na gan shi ya hau, ya isa wurinsa, ya yi barcinsa daidai inda hannun Dogo ya kamata ya kasance. Ba kowa. Ni kuma kamar wawa na tsaya ina kallo. Ya dawo. Allah ya taimaka gefensa ne ya same ni.

Tun da aka ɗaure ƙafar nake kwance ina kallon silin, abu ɗaya ke yawo a kaina. Wa ya tashe shi?

Mai barci sai an tashe shi. Wannan ba wanda ya taɓa shi. In da gaske a saman ba abin da ke jansa, to me zai sa ya sauko? Ai da sai ya zauna can har gobe, mu kawo tsani mu ɗauko. Shekara tara ban taɓa ganin bulo ya kwana a iska ba. Ban kuma taɓa tambaya ba, don kullum akwai hannun da ke cafe shi kafin tambayar ta zo.

Wato jan bai taɓa saki ba. Ko ƙiftawar ido.

Kaina ya fi ƙafar ciwo.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na koma aiki da ɗingishi. Na ce wa Dogo in ya cafe kada ya ajiye, ya riƙe hannunsa a miƙe. Ya ce yau kuma wane sabon salo ne, Farfesa? Ya yi dai. Na ce akwai nauyi? Ya ce, "To da fa? Bulo ne, ba auduga ba." Na ce amma muna cewa ba shi da nauyi a saman. Ya yi tunani. Ya ce, "Ba ya dukan hannu dai."

Shi ke nan. Ba ya duka. Mu muka mayar da rashin duka rashin nauyi, daga Baba har ni har wanda ya koya wa Baba. A wurin aiki kuskuren bai taɓa cutar da kowa ba. Sai da na ɗauko shi na kai gida.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Na je shagon Gwaggo da kayan aikina a jiki, siminti har gira. Mata uku na jiran ɗinki. Auta na kan keken, tana haɗa hannun riga, ba ta ɗago ba.

Na ce, Auta, ni na yi kuskure, ke ce da gaskiya tun farko. Keken bai tsaya ba. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah, yau babba ke ba da haƙuri a kasuwa? Ku matsa masa ya zauna kafin ya fasa." Matan suka yi dariya.

Na ce ba maganar jarrabawa ta kawo ni ba, wannan ruwanta ne. Ni ne na gane rabi, rabin ya tsaya mini a wuya, ba ni da wanda zan tambaya. Akwai wani layi a littafinta da ya ratsa wani layi, ina so in san me yake cewa. Kuma wayarta tana ɗaukar bidiyo a hankali, tawa ba ta yi.

Ta ce, "Wa ya ce ka taɓa mini littafi?"

Amma keken ya tsaya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ba aiki yau. Na roƙi mai gadi ya buɗe mana da safe, Dogo ya zo don na yi masa alkawarin shayi. Auta ta zo a makare, fuska a ɗaure, wai minti goma kawai take da shi.

Dabarar da na kwana biyu ina juyawa: bangon gefen bene jan bulo ne tsirara, ba a yi masa filasta ba, layukansa a jere daidai wa daida. Ma'auni ne a tsaye. In na jefa kusa da bangon, ita ta ɗauka daga nesa, za a iya ƙirga layi nawa bulo ya hau a kowane ɗan lokaci. Dogo ba cafa zai yi ba, nasa ya tsaya ya nuna wurin barci da hannu, ya bar bulo ya dawo kan yashi. Ya ce shi dai yau an ɗauke shi aikin ƙin aiki.

Sau shida na jefa kafin ɗaya ya fito sosai. Muka zauna a kan buhunan siminti, tana matsar da bidiyon da yatsa, taki ɗaya taki ɗaya, kowane taki lokaci iri ɗaya. Ni ina ƙirga layi, don idona ya saba. Ita tana rubutawa a jikin takardar buhu.

Takin farko layi sha ɗaya. Na biyu tara. Sai bakwai, ko da ɗan ɗoriya. Biyar. Uku. Ɗaya. Na ce biyu-biyu yake raguwa. Ta ce ta gani, in ci gaba. Daga nan ya juyo ƙasa: ɗaya, uku, biyar.

Ta tsaya da biro a baki. Ta ce tunda yanzu sauka yake yi, a sa musu alamar ragi. Ta jera su: uku, ɗaya, ragi ɗaya, ragi uku. Ta bi da yatsa. Sai ta miƙe tsaye.

"Yaya! Daga ɗaya zuwa ragi ɗaya nawa ne?"

Na ce biyu.

"Biyu! Har a saman biyu ake cirewa! Bai tsallake ko taki ɗaya ba!"

Ta juya buhun ta ɗiga ɗigo-ɗigo, ta haɗa su. Ga layin nan nawa na cikin littafi, ya gangaro, ya ratsa layin sifili, bai lanƙwasa ba, bai huta ba. Ta ce tsayin layin shi ne gudu, shi ne ya zama sifili a saman. Gangarensa kuma shi ne a, shi ne abin da take fitarwa kullum in ta sauko da ƙaramar lambar nan. Ta ce, "Shekara biyu ina yin wannan lissafin ban san gangare nake nema ba."

Dogo daga sama ya ce to yanzu bulon yana barci ko ba ya yi, shi yana so ya sauko. Auta ta ce, "Idonsa ne a rufe, amma ana jan ƙafarsa."

Minti goman ya zama awa uku. Ta yage takardar buhun ta naɗe ta sa a jaka. A hanya ba ta ce za ta zauna jarrabawar ba. Ta dai ce, "Ina littafin?"

Laraba, 23 ga Afrilu

Kwana goma sha tara. Ta ce an yi asarar sati biyu da rabi, kuma ta san wa ya jawo. Na ce na karɓa.

Asabar, 26 ga Afrilu

Mun yi faɗa kaɗan. Tun ranar Lahadi duk abin da ta tambaye ni sai in ce ban sani ba. Tsoro nake ji. Yau tambayar abu ne a kan gangare, ta ce me nake ji in ina tura baro a kan katako zuwa sama. Na ce ta duba littafi. Ta buga littafin a tabarma. "Da ka cika baki, yanzu kuma ka zama bebe? Ni ba amsa nake so ba. Ka faɗi abin da hannunka ya ji, ni in bincika ko ƙarya yake yi."

Haka muka shirya. Ni shaida, ita alƙali.

Na ce dogon katako ya fi sauƙin turawa, amma in ka kai sama gajiyar kusan ɗaya ce da ta gajere. Ta yi lissafi, ta ce wannan karon hannuna ya faɗi gaskiya. Ta nuna mini wai aikin da aka yi shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin layi. Filin kam na gane, awon ɗaki ne.

Alhamis, 1 ga Mayu

Abubuwa masu juyawa sun ƙi ta. Na kawo labarin injin kwaɓa kankare, bai taimaka ba. Ni ma ban gane ba. Ta rame. Mama na bin ta da abinci kamar mai jinya.

Gwaggo ta leƙo ta ce kujerar na nan. Auta ta ce, "Na gode, Gwaggo." Ba ta ce a'a ba.

Talata, 6 ga Mayu

Ta yi tsohuwar takardar jarrabawa, na riƙe mata agogo. Da ƙyar ta taɓa layin ci. Da ƙyar. In da ba a yi asarar kwanakin nan ba…

Lahadi, 11 ga Mayu

Na feƙe mata fensir huɗu. Ta ce yaƙi za ta je?

Litinin, 12 ga Mayu

Sau uku na yi wa Dogo mugun jifa da safe. Ya ce in ina so in kashe shi in bari ya ci abinci tukuna.

Da na dawo tana zaune kusa da kujerar Baba. Dutsen bai fito ba ko kaɗan. Duk wahalar nan. Mai juyawar ya fito, ta yi rabi ta bari. Amma babbar tambayar ta injin ɗaga kaya ce: an ba da gudun kaya yana sauyawa da lokaci, a faɗi lokacin da igiya ta fi shan wuya. Ta ce da ta karanta sai ta ji muryar Baba. Ta zana layin, ta nemi inda ya fi tsananin hawa, ta fitar da lissafin, ya faɗo a farkon ja. Ta ce yawancin 'yan ajinsu inda gudu ya fi yawa suka zaɓa.

Baba ya ce, "A fizgar farko." Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

Na ce za ki ci? Ta ce ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba.

Asabar, 31 ga Mayu

Sakamako shiru. Tana zuwa shagon Gwaggo, wai kada ta zauna haka nan. Ta ɗinka mini aljihun wando da ya yage. A karkace.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta ci. Maki huɗu a saman layi, ba yawa, amma layi layi ne. An ba ta gurbi.

Mama ta yi kuka, Baba ya sa aka juyo da kujerarsa cikin gida. Gwaggo ta ce dama hannun yarinyar nan bai yi kama da na tela ba, ta ga aljihuna.

Da hayaniya ta lafa na fita bayan gida ni kaɗai, na laluba ƙirjina, ko abin nan na watan Afrilu yana nan ta wata fuskar. Na tsaya na jira shi. Abin da na samu kawai, ina tunanin wa zai riƙa cewa "Yaya zo ka ji wannan."

Lahadi, 29 ga Yuni

Tana haɗa kaya. Takardar buhun simintin na ga ta sa a cikin akwati, ƙarƙashin riguna. Ta ce in ta samu farar hula ni za ta fara kira "kai mai jifa". Na ce ta gwada.

Ta nemi shuɗin littafin, wai za ta ba wata 'yar aji biyar. Na ce ban gan shi ba. Ta dube ni, ta dubi jakar aikina a jikin ƙusa, ta ce, "To. In ka gan shi, babi na uku ya fi na biyu sauƙi."

Ba wani abu ba ne. Hutun rana yana da tsawo, mutum ya rasa abin yi. Tambaya ta goma sha huɗu ce, ta ƙwallon da aka jefo daga saman bene. Sau uku na yi ta a bayan buhu, sau uku amsa ɗaya take ba ni, bayan littafin kuma ya ce wata daban.

Ɗayanmu ya yi kuskure. Gobe zan sake duba nawa.